Zauren karatu na intanet da na buɗe wa ajina

Da farko ɗalibai 40 na zuba a zaure ɗaya. Mutum 5 suka mamaye magana, sauran suka yi tsit. Sai na raba su rukuni-rukuni, mutum 6 zuwa 8, kowane rukuni ya zaɓi littafi ɗaya cikin uku da na ajiye musu.

Kafin a buɗe zaure, a karɓi izinin iyaye a rubuce, a kulle shi yadda baƙo ba zai shiga ba. WhatsApp da Goodreads (shafin intanet na masu karanta littattafai) ba sa karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, don haka ƙananan yara na sa su a Google Classroom na makaranta, wato manhajar Google ta ayyukan aji.

Aikin mako ba shi da yawa. Shafi 20 ake karantawa. Ranar Litinin nakan jefa tambaya ɗaya tak, irin wadda ba ta da amsa guda: "Da kai ne wannan yarinyar, za ka faɗa wa mahaifinka gaskiya?" Kowa ya kawo jimlar da ta tsaya masa a rai tare da lambar shafi, sannan ya amsa wa mutum biyu. Lambar shafin nan ita ta kashe kwafo taƙaitaccen labari daga intanet. Wanda rubutu ke ba shi wuya ya turo saƙon murya na minti ɗaya, wanda ba shi da waya ya rubuta a takarda in ɗauki hoto in saka masa.

Gasar yawan karanta littattafai da na taɓa sa musu ta cutar da mu. Yara suka koma farautar ƙananan littattafai, wasu har suna ƙarya, masu jinkirin karatu kuma suka sare. Na soke ta, na kuma daina ba da maki a kan abin da aka rubuta a zaure, domin da an ji ƙamshin maki sai a riƙa rubuta abin da malam ke son ji.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne kame bakina. Duk ranar da na riga su amsawa, muhawara ta mutu, tunda malam ya riga ya yanke hukunci. Yanzu sai an yi awa 24 nake saka baki, shi ma da tambaya. Ranar Juma'a muna ware minti 10 a aji, in karanto sharhi uku da sunan masu su, kuma nakan fara da na ɗalibin da ba ya ɗaga hannu.