Takardar zama ɗan ƙasa: abin da na karanta a Malesiya

Digiri na biyu ne ya kai ni Malesiya, a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma cikin darussan zaɓi na ɗauki wanda ya shafi haƙƙin ɗan Adam a nahiyar Asiya. Dalilina bai wuce abin da kowa ya gani a waya ba a 2017: 'yan Rohingya, Musulmin jihar Rakhine ta Myanmar, suna tsallaka kogin Naf zuwa Bangladesh, ga kuma alƙunutun da aka yi ta yi musu a masallatanmu. So nake in san yadda aka yi har lamarin ya kai nan.

Malamar da ta ɗauke mu ba ta nuna mana hoton gawa ko ɗaya ba. Doka ta miƙa mana, dokar zama ɗan ƙasa da Burma (Myanmar ta yanzu) ta kafa a 1982 zamanin Janar Ne Win, ta ce mu karanta ta sashe-sashe. Dokar ta ce cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda ƙabilarsa ta zauna a ƙasar kafin 1823, wato kafin yaƙin farko da Turawan Ingila. Daga baya gwamnati ta fitar da jerin ƙabilu 135, babu Rohingya a ciki. Daga nan sai muka bi sawun takardu. A ƙidayar 2014 an hana su rubuta sunan ƙabilarsu, sai dai su yarda a kira su Bangali, ma'ana baƙi. A 2015 aka soke farin katin wucin gadi da suka yi zaɓen 2010 da shi. Kafin sojoji su afka wa ƙauyukan Rakhine a watan Agustan 2017, har mutum sama da dubu 700 su gudu Cox's Bazar da ke Bangladesh, an shekara 35 ana yi musu yankan ƙauna da biro da hatimi. Wanda ba shi da takarda ba ya tafiya wani gari sai da izini, ba ya aure sai da izini, asibiti da jami'a kuwa sai dai ya ji labari.

Wannan sashen ya fi komai zama mini a rai, domin na tuna wahalar da wasu abokaina haifaffun Jos da Kaduna suke sha a kan takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ban ce abu ɗaya ba ne, akwai nisa sosai. Amma tambayar da ake yi wa mutum iri ɗaya ce: yaushe kakanka ya zo?

Ajin namu haɗin gambiza ne, akwai 'yan Indonesiya, Pakistan, Bangladesh, Sin da mu 'yan Afirka kaɗan, don haka muhawara ba ta ƙarewa. An fi ɗaukar zafi a kan abin da Lee Kuan Yew na Singafo da Mahathir Mohamad na Malesiya suka yi ta faɗa a shekarun 1990, cewa Asiya tana da nata ɗabi'u, al'umma tana gaba da mutum ɗaya, kuma ci gaban tattalin arziki yana gaba da 'yancin siyasa. Sanarwar Bangkok ta 1993, wadda gwamnatocin Asiya suka fitar kan haƙƙin ɗan Adam, ta ɗauki wani abu daga wannan ra'ayi. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya yi musu raddi da tarihin Asiyar kanta. Ni dai maganar ba ta zame mini baƙuwa ba, mun saba jin shugabanninmu suna fakewa da al'ada. Abin da na lura shi ne masu mulki ne suka fi son wannan hujja, ban taɓa karanta inda wanda ke tsare ya kafa ta ba.

Wani abin da ya ba 'yan ajin mamaki shi ne Afirka ta riga su. Muna da Yarjejeniyar Banjul ta haƙƙin ɗan Adam tun 1981, muna da kotu a Arusha ta Tanzaniya, ko da ƙasashe suna yi mata kunnen ƙashi. Asiya ba ta da kotun haƙƙin ɗan Adam ta nahiya. Ƙungiyar ASEAN ta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya tana da hukumar haƙƙin ɗan Adam tun 2009 da sanarwa tun 2012, amma ba ta yanke hukunci a kan kowa. Shi ya sa ƙaramar ƙasa kamar Gambiya ce ta maka Myanmar a Kotun Duniya da ke Hague a watan Nuwamban 2019, da goyon bayan ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, har jagorar gwamnatin Myanmar ta lokacin, Aung San Suu Kyi, ta je da kanta ta kāre sojojinta.

Na yi ta alfahari da Gambiya a aji, sai malamar ta ce, "Ka duba mana ƙuri'ar Geneva ta Oktoban 2022." Na duba. Bayan rahoton ofishin Michelle Bachelet, kwamishinar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan Musulmin Uighur na yankin Xinjiang a ƙasar Sin, an nemi Majalisar Haƙƙin Ɗan Adam ta zauna ta tattauna, tattaunawa kawai. Ƙasashe 19 suka ƙi, 17 suka yarda, 11 suka ƙaurace. Cikin masu ƙi akwai Pakistan, Indonesiya, Qatar, Sudan da Senegal. Gambiya ta ƙaurace. Somaliya kaɗai ce ƙasar Musulmi da ta ce a tattauna. Daga ranar na koyi duba bashi da cinikin da ke tsakanin ƙasashe kafin in saurari jawabin ministocinsu.

Aikin ƙarshen zango na yi shi ne a kan 'yan Rohingya da ke cikin Kuala Lumpur. Malesiya ba ta sa hannu a Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 ba, saboda haka a lokacin katin UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ne kawai madogararsu, 'ya'yansu kuma ba sa shiga makarantun gwamnati sai na sa-kai. Kafin a bar ni in yi hira da kowa sai da kwamitin ɗa'ar bincike ya tantance tambayoyina: ba suna, ba hoto, ba unguwa. Da farko na ga kamar ɓata lokaci ne, har sai da wani dattijo ya tambayi tafintana sau biyu ko abin da nake rubutawa zai kai hannun jami'an shige da fice. A babin da na rubuta a kansa, lamba na sa masa a madadin suna, kuma na cire sana'arsa gaba ɗaya.