Ganga, kuge da launin riga: haɗa jama a gasar hol-hol ta KNUST

A KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Ghana, wasan da ke tada jijiyar wuya shi ne na ƙwallo tsakanin hol da hol, wato gidajen kwanan ɗalibai. Tsofaffin hol guda shida ne: University Hall da ake kira Katanga, Unity Hall wato Conti, sai Independence, Republic, Queens da Africa. 'Yan Katanga rawaya da baƙi suke sawa, takensu "Rest Not", mutum-mutuminsu Sir John. Sunan kuwa daga lardin Katanga na Kwango aka aro shi. 'Yan Conti ja ne nasu, tasu gunkiyar Aboagyewaa. Hol biyun nan na maza ne zalla har 2018 da aka shigar da mata.

Shekara uku ina cikin masu haɗa jama, wato kiɗa da waƙar zuga 'yan wasa, duk ranar da hol ɗinmu zai sauka filin wasan jami'ar, wato Paa Joe.

Kayan kiɗa ba sa buƙatar yawa. Ganga uku, kuge biyu, wanda Asantawa ke ce wa dawuro, sai tafi. Kuge shi ke riƙe kiɗan, don haka mai kunne ake ba shi, ba mai ƙarfin dantse ba. Idan ya yi sauri, mai ba da waƙa zai rasa numfashi kafin a tafi hutun rabin lokaci. Masu ba da waƙa kuma a samu uku suna karɓar juna, domin murya ɗaya ba ta kai minti 90. Mafi yawan waƙoƙin da Twi da Ga ake yinsu, mu 'yan Zango mukan cusa amshin Hausa gajere, kalma biyu ko uku, wanda kowa zai kama nan take. Dogon amshi mutuwa yake a baki.

Fatar ganga ita ta fi ba mu wahala. A damina takan sha danshi ta saki, sautin ya koma kamar ana dukan katifa. A shanya ta a rana kamar minti 20 kafin a fita, a ja tsirkiya a hankali. Sau ɗaya na yi gaggawa na kara ta kusa da garwashin mai gasa masara, fatar ta tsage tun ba a buga ƙwallon farko ba. Daga ranar ganga ta huɗu ke zaune a ɗakin wani, ko da ba a taɓa ta ba.

Ruwa kuma, jakar fiya wata leda 30 ce. Ga mutum 60 jaka shida nake saye, huɗu a fili, biyu a ɓoye don dawowa, lokacin da ƙishi da fushi ke haɗuwa.

Hanyar jerin gwano ita ce babbar magana. Kada a bi ta ƙofar hol ɗin abokan hamayya, kada kowa ya taɓa mutum-mutuminsu ko da wasa. Rikicin Katanga da Conti na Agustan 2022, wanda aka farfasa motoci a cikinsa, jerin gwano ne silarsa, kuma bayansa hukumar jami'a ta dakatar da bikin makon hol. Mukan sa dattawan ajin ƙarshe huɗu a wutsiyar layi, domin daga baya jifa ke fitowa.

Bikin da ake yi gaban gumakan, mu Musulmi mukan ja gefe, a gama mu karɓi ganga a bakin titi, ba wanda ya taɓa ganin laifinmu. Wasan yamma yakan ci karo da la'asar, sai mu raba makaɗa gida biyu, rabi su yi salla a bayan fili, rabi su riƙe kuge har su dawo.