Alhamdulillah, an wuce wurin

Alhamdulillah, Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jama'a ku yi min afuwa, tun ranar da sakamako ya fito wayata ba ta huta ba ni kuma barci kawai nake kamar wadda aka yi wa allurar tiyata, saƙonni sun taru sun fi ƙarfina shi ya sa na ce bari in rubuta nan kowa ya ɗau nasa. Eh gaskiya ne, Allah Ya ba ni sa'ar jarrabawar ƙarshe ta WACS, kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ɓangaren mata da haihuwa. Ba sai na maimaita labari ba, kun san yadda zaman jarrabawar baya ya ƙare, kun san yajin aikin da ya tsayar min da bincike, kun san maganar kuɗin rajista da na mota. An wuce wurin.

Mutum ɗaya nake so in fara da ita, duk da ba ta da Facebook kuma ba za ta taɓa ganin wannan ba sai in jikokinta sun karanta mata. Hajiya mai masaukina a Sabo, Ibadan. Ban san ta ba ba ta san ni ba, ƙanin mijina ne ya haɗa mu ta hanyar wani ɗan kasuwa, ta ba ni ɗakin 'yarta ta ce ko sisi kar in kawo mata. Daren da zan wayi gari in kare kundin bincikena aka kira ni daga gida cewa auta na zazzaɓi, jikina ya mutu, na buɗe takarda ina kallo ba na ganin komai. Wajen ƙarfe ɗaya ta turo ƙofa da kunun gyaɗa a kofin silba ta zauna bakin katifa ta ce me nake karantawa ne haka. Na ce zubar jini bayan haihuwa. Sai ta ce in faɗa mata da Hausa.

Na fara mata bayani, yadda mahaifa kan ƙi tsukewa bayan fitar mabiyiya, yadda ake murza ciki a yi allurar oxytocin, a ba da maganin tsayar da jini tranexamic acid kafin awa 3 ta cika, a duba ko akwai yagewa ko sauran mabiyiya, a nemo jini tun kafin mace ta fara sanyi. Tana ta gyaɗa kai. Can ta ce ai mai ɗakin nan da nake kwana haka ta tafi, haihuwar fari, a gida, ana ta canja zannuwa ana jiran gari ya waye. Ta ce, "'Yata, da an kai ta da wuri da ta tashi?" Na ce Hajiya rai na Allah ne. Ta ce ta sani, ba shi ta tambaye ni ba.

Wallahi ban ji tsoron farfesoshin washegari kamar yadda na ji tsoron tambayar nan ba. Na ce mata eh, da yardar Allah irin wannan ana ceto su da yawa. Ta yi shiru, ta goge fuska da bakin mayafi, ta ce to sha kununki ki ci gaba. Kuma ba ta tashi ba, tana gefe da carbinta har aka kira assalatu. Hajiya, Allah Ya jiƙan 'yarki, Ya sa tana Aljanna, Ya haɗa fuskokinku, ke kuma Ya saka miki da abin da ni ba zan iya ba.

Washegari ko kalma ɗaya ba a tambaye ni kan zubar jini ba, a kan lissafin yawan matan da na ɗauka a bincike aka tsare ni har sai da na yi gumi, da dalilin da zai sa in yarda a taƙaita maganin hana jijjiga magnesium sulphate zuwa awa 12 maimakon 24 ga mai hawan jinin ciki. To, Allah dai Ya rufa asiri.

Surukata Inna ta ce kar in kuskura in sa ta a waya, ki yafe ni Inna sai na sa ki. Ke kika goya yaran nan tun ina fama da jarrabawar share fage, kika yaye biyu ina ɗakin haihuwa ina kwanan aiki. Abban yara, da kunya da komai yau dai sai na faɗa, mutumin nan ya san tashoshin OSCE, wato jarrabawar duba mara lafiya a aikace, fiye da wasu ɗalibai don shi ne mai cikin bogi da nake gwaji a kansa da filo a riga yana riƙe min agogo. Allah Ya bar mu tare. Malamaina kwansaltoci da suka yi ta jan jar biro a kundina har na daina gane rubutuna, na gode, a lokacin dai ban gode ba. Metron ɗinmu da ungozomomi da suke ajiye min fayil in an samu mai jijjiga cikin dare. Abokan karatu na rukunin WhatsApp, musamman ƙawata 'yar Inugu da take kira na ƙarfe huɗu na asuba ta jefo min tambaya ko gaisuwa babu. Waɗanda ba su ga lambarsu ba wannan karon, na san ɗacin, ba zan cika ku da wa'azi ba, takarduna na nan duk mai so ya aiko.

Sai matan da suka dangwala yatsa a takardar amincewa, wasu kai na sara musu ido na ganin duhu-duhu, suka ce likita in zai amfani wata a sa da ni. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a sanadin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, mu kuwa da muke arewa fuskokinsu muka sani. Allah Ya raya abin da kuka haifa, Ya shirya muku su, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya sa shahada ce, Ya kai haske kabarinsu.

'Yan uwa kuma da aka yi ta cewa na zama baturiya ba na biki ba na suna, shekara da shekaru ko "ya karatu" ban samu ba amma shekaranjiya an tuna lambata, ba komai, na ga saƙon, na gode, Allah Ya bar zumunci.

Masu tambayar walima ku ɗan saurara, auta ta warware Alhamdulillah amma bashin kwanan aiki na nan da na ci wajen abokan aiki kuma ranar Litinin zan fara biya.