Ƙafafu a ƙarƙashin trotro

Ina da shekara 41 lokacin da na fara riƙe sitiyari, kuma larura ce ta kai ni. Maigidana ya kamu da ciwon ido wanda ya hana shi tuƙi, ƙaramar motarsa tana ajiye a ƙofar gidanmu a unguwar Aboabo ta birnin Kumasi, a ƙasar Gana, ƙura tana hawa kanta, ni kuwa kullum ina biyan kuɗin tasi don kai yara makaranta da ɗauko atamfofi daga Adum zuwa shagona. Da na lissafa sidin da nake kashewa a wata guda, sai na ga babu dalilin da zai sa mota ta lalace a tsaye alhali Allah ya ba ni ido da hannu da ƙafa.

Na bi hanyar da doka ta shimfiɗa ba tare da na nemi a yi mini ta bayan fage ba. Na shiga makarantar koyon tuƙi, aka gwada idona, hukumar DVLA mai ba da lasin tuƙi ta ba ni takardar ɗan koyo, na liƙa jan harafin L a gaba da bayan mota, na yi jarrabawar alamomin hanya a kwamfuta, daga baya na yi ta kan titi, na ci. Ranar da na karɓi lasin na ɗauka an gama, domin na iya sakin kuloci a kan tudu ba tare da mota ta koma baya ba, abin da duk mai tuƙi a Kumasi ya san ba ƙaramin aiki ba ne a garin da hawa da gangara suka yi masa yawa. Na iya ajiye mota da baya a tsakanin motoci biyu, na haddace cewa iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa, a kusa da makaranta kuma 30.

Mako uku bayan haka, da misalin ƙarfe bakwai na safe, ina saukowa daga Asawase bayan na sauke yara, sai wata trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da ke gabana ta tsaya a bakin titi, yaron mota ya leƙo da rabin jikinsa yana kiran Kejetia da Adum. Na duba madubi, na kunna sigina, na karkata hagu don in wuce ta, kamar dai yadda aka koya mini, kuma gudun da nake yi bai wuce 40 ba. Ina zuwa daidai kan trotron sai ga wata yarinya 'yar kayaye, wato mai dako a kasuwa, ta ɓullo daga gabanta, da babban daro a ka, da jariri goye a baya. Na taka birki da dukkan ƙarfina, taya ta yi ƙara, amma duk da haka gaban motar ya taɓa cinyarta. Ta faɗi a kan gwiwoyinta da tafin hannu, daron ya kife, albasa ta watse a kwalta tana gangarawa cikin kwata. Abin da ba zan manta ba shi ne, kafin ta duba jinin da ke gwiwarta, sai da ta kai hannu baya ta shafa kan jaririn, kuma sai da ya tsala kuka sannan numfashina ya dawo.

Mutane suka taru, kuma yawancinsu suka goyi bayana. Wani ya ce, “Hajiya, ba ki da laifi, ita ce ba ta duba ba.” Yarinyar, wadda ba za ta wuce shekara 18 ba, 'yar arewa ce, Hausarta kaɗan ce, kuma da ita ta yi ta maimaita mini, “Yi haƙuri, Hajiya, yi haƙuri.” Wannan ban-haƙurin ya fi kome yi mini ciwo, domin ni ce ke zaune cikin ƙarfe, ita kuwa ba ta da abin kāriya sai zanen da ke jikinta. Na kai su asibiti, aka duba ta da jaririn, aka ce ƙujewa ce kawai babu karaya, na biya kuɗin magani da na albasar mutane da ta ɗauko. Da na koma gida na ajiye makulli a kan tebur, na yi mako biyu ban sake taɓa shi ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne ya dawo da ni kan hanya. Ya fara aikin mota yana yaron mota a babbar motar goro tun yana saurayi, ya zama direba, ya yi shekara fiye da 30 yana jigila tsakanin Kumasi da arewa da kuma ƙasashen maƙwabta. Yana cikin waɗanda suka ga ranar 4 ga Agusta, 1974, ranar da Gana ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, shekara biyu bayan Nijeriya ta yi hakan. Yakan ce kafin wannan rana, duk direban da ya tsallaka Aflao ya shiga Togo sai ya sauya hannu nan take, kuma a makonnin farko na sauyin kowa ya yi ta tuƙi da tsoro, yana zaton na gabansa zai manta ya bi tsohon hannu. A ganinsa, wannan zaton shi ne asalin tuƙi, kuma da mutane suka saba suka ajiye shi, sai suka koma gidan jiya.

Ya zo gida da la'asar, ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya tambaye ni, “'Yata, lokacin da trotron nan ta tsaya, me kika duba?” Na ce, “Madubi, Kawu, da hanyar da zan bi.” Ya ce, “Mota ba ta tsayawa haka kawai. In ta tsaya, ko wani zai sauka, ko wani zai hau, ko direbanta ya ga abin da ke ba ki gani ba. Gobe da safe ki ɗauko makulli.”

Washegari ya zauna a gefena, muka koma daidai wurin. Ya sa na tsaya nesa kaɗan da inda trotro ke lodi, ya ce in sauke idona daga gilasan motocin in duba ƙasa, tsakanin cikin mota da kwalta. Ban daɗe ina kallo ba sai na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba: silifas, takalman makaranta, ƙafar mai tallar ruwan leda, duk suna motsi a ƙarƙashin motar kafin masu su su fito fili. Ya ce yaro ƙarami ba a ganin kansa ta gilashin trotro, amma ƙafarsa ba ta ɓuya. Ya kuma ce duk lokacin da zan wuce motar da ta tsaya, in ɗauke ƙafata daga totur tun daga nesa in ɗora ta a kan birki ba tare da na taka ba, in kuma bar tazarar buɗe ƙofa tsakanina da ita.

Kawu da turakun lantarki yake auna nisa, ni kuwa da na koma gida sai muka zauna da babban ɗana muka yi lissafin a takarda. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a cikin sakan ɗaya, mai gudun 50 tana cin kusan mita 14, mai gudun 30 kuma mita 8 da ɗoriya. Tsakanin ido ya gani da ƙafa ta isa birki akan ɗauki kimanin sakan guda, wani lokaci ma fiye, ke nan a ranar nan na shafe tsawon trotro kusan biyu kafin birki ya fara aiki. Bayan haka kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ja kafin ta tsaya ninkawa yake har sau huɗu. A nan na gane cewa lamba 50 da ke cikin doka ita ce ƙarshen abin da aka yarje wa direba a titi mai sarari, kuma a bakin kasuwa ko ƙofar makarantar allo, gudun 40 ma ganganci ne ko da ɗan sanda ba zai tare ni ba.

Mun yi kusan wata guda muna fita tare, kuma mafi yawan abin da ya koya mini ba a kan motata yake ba, a kan sauran masu bin hanya yake. Kumasi ta yau cike take da pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, da aboboya mai ɗaukar kaya, da babura, da masu tura baro. A 2023 hukumar birnin ta taƙaita shigar pragya cikin tsakiyar kasuwanci, amma a unguwanninmu su ne abin hawan talaka, kuma mai pragya yana iya juyawa a inda yake da zarar wani ya ɗaga masa hannu. Da farko haushinsu nake ji, har nakan yi ta danna oda. Kawu ya ce in lura da mutanen da ke tsaye a bakin titi maimakon keken kansa, domin hannun fasinja yana tashi kafin keke ya karkata. Game da babur kuma, ya hana ni juyawa ko buɗe ƙofa sai na waiga da kaina, saboda akwai wani gefe da madubi ba ya nunawa, kuma a nan mai babur ya fi son bi. Manyan motoci su ne ya fi ja mini kunne a kansu, da yake ya san su ta ciki: ya ce in ba na ganin fuskar direba a madubinsa, to shi ma ba ya ganina, kuma kada in taɓa cusa kai a gefen dama na tirela a lokacin da za ta sha kwana, ko da na ga fili.

A shataletalen Suame da na filin jirgi na fi shan wuya. Ƙa'ida a bayyane take, wanda ke cikin da'ira shi ke da hanya, mai shigowa ya jira na hagunsa. Amma da safe kowa yana tura hancin motarsa, kuma in mace ta ɗan jinkirta, sai oda ta tashi daga baya, wani lokaci har da baƙar magana. Na daɗe kafin in daina barin odar wani ta taka mini totur. Wanda ke bayana ba ya ganin abin da nake gani, kuma in na yi karo, kauce mini zai yi ya wuce abinsa. Haka nan walƙiyar fitila ba ta da ma'ana ɗaya a titinmu: wani yana nufin “wuce”, wani yana nufin “ga ni nan tafe, kada ki shigo”, don haka ba na motsawa sai na ga motar ta rage gudu da gaske.

Akwai abin da ya shafe mu mu 'yan zango musamman, kuma ina ganin ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa. Tuƙin da ake yi saura minti 20 a sha ruwa a watan azumi, da tseren babura da samari ke yi ranar Salla ba hular kwano, mutum uku a kan babur ɗaya, sun sa gidaje da yawa zaman makoki a ranakun farin ciki. In abu ya faru sai mu ce ƙaddara ce, kuma haƙiƙa babu mai tsere wa abin da Allah ya rubuta. Sai dai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ɗaurin raƙumin direba shi ne birki mai kyau, da bel a ƙirji, da waya a cikin jaka, wadda dokar hanya ta 2012 ta riga ta haramta riƙe ta a lokacin tuƙi. Ni ma nakan yi addu'ar hawa abin hawa kullum, amma tun da wani bakanike a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikin taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar, na daina sayen taya don kawai zanenta yana da kyau.

Sai bayan shekara guda na yarda na hau babbar hanya, zuwa biki a Accra, tafiyar kusan kilomita 250 ta Konongo da Nkawkaw. Kawu ya kafa mini sharaɗi biyu: in tashi bayan sallar asuba don dare kada ya same ni, kuma kada in wuce wata mota sai ina hango hanya fayau har nesa. Ya tuna mini da haɗarin da aka yi kusa da Kintampo a watan Maris na 2019, inda manyan motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama cikin dare, mutum fiye da 50 suka rasu. A hanya na yi kusan rabin awa a bayan wata motar katako a kan tudu, ƙananan motoci suna ta fizgewa suna wuce mu a kan kwana, ban bi su ba. Da na ga ganyaye da rassan itace a jere a kan kwalta, na san alamar mota ce ta lalace a gaba, na rage gudu tun kafin in gan ta, kuma ina shan kwanar sai ga ta tsaye ta cinye rabin hanya.

Yau shekarata huɗu ina tuƙi. Yarinyar nan na sake ganinta sau biyu a wajen Kejetia, jaririn ya fara tafiya, daga baya aka ce mini ta koma garinsu. Har yanzu ta hanyar Asawase nake bi kowace safiya. A makon jiya wata trotro ta tsaya a daidai wurin, na ɗauke ƙafa daga totur, na sauke idona ƙasa, sai na hango ƙananan takalma baƙaƙe da fararen safa suna matsowa ta gaban tayarta. Na tsaya cik, mai tasi a bayana ya danna oda har sau uku, sannan wani yaro ɗan kimanin shekara shida ya fito da jakar makaranta wadda ta kusa kai girmansa, ya tsallaka a guje bai ko waiwayo ba.