Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daren da Yaya Ta Ga Hoton

A makon jiya na tsaya a inda aka rufe makarantu saboda korona, a watan Maris na 2020. Na tattaro kayana daga Kano na dawo ƙauyenmu a ƙasar Ringim, da akwati ɗaya, da kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu, da aikin digirina na biyu da ko rabi bai kai ba.

Na tarar da Yaya a gida. Tun da ta fita takaba ba ta koma garin mijinta ba. A gidanmu ni da Inna kaɗai muka san abin da ya kashe shi, mu kaɗai kuma muka san dalilin da ya sa take shirya tafiya duk bayan 'yan watanni da sunan gaida dangin marigayi. Asibiti take zuwa karɓo magani. Robar maganin tana ɓoye a cikin kwalla ta uku a jeren Inna, an ɓare takardar jikinta. Ƙwaya ɗaya kullum bayan isha'i, sai ta juya wa ƙofa baya take haɗiyewa.

Ita kuwa ba ta san cewa a kan ƙwayar HIV nake bincike ba. Abin da na gaya wa mutanen gida shi ne ina karatun sinadaran jiki. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi sauran ba, don ina tsoron ta ɗauka na mai da larurarta abin neman takarda.

Wutar lantarki ba ta zama a garinmu, batirin kwamfutar kuma awa biyu yake yi. Kullum da hantsi ƙanina zai saka ta a jakar makarantarsa ya kai wa mai cajin sola a bakin kasuwa, ya ɗauko da la'asar. Nakan ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta riƙa ratsa ƙasanta, saboda in ta ɗau zafi mutuwa take yi a tsakiyar lissafi, aikin yini ya tafi a banza. Sabis kuwa sai a gindin rumbu. A nan na tsaya wani dare, waya a sama, har na sauko da fayil mai lamba 1GC1 daga Protein Data Bank, rumbun siffofin furotin da ke intanet. Shi ne siffar furotin gp120 da Peter Kwong da abokan aikinsa suka fitar a 1998, karo na farko da aka ga yadda hannun ƙwayar HIV yake riƙe da jikin ɗan Adam.

Bari in yi bayanin aikin yadda na fahimce shi. A bayan ƙwayar cutar akwai wasu 'yan ƙayoyi, ba su da yawa, goma ne da 'yan kai. Kowace ƙaya tana da kawuna uku, su ne gp120, da ƙafafu uku da suka kafe a fatar ƙwayar, su ne gp41. Kan ne yake laluben wani furotin mai suna CD4 a jikin fararen ƙwayoyin jini. In ya kama, sai ya sauya siffa ya sake kama na biyu, CCR5 ko CXCR4. Daga nan gp41 ya miƙe ya soki fatar ƙwayar jinin, ya naɗe ya jawo su wuri ɗaya har su haɗe. A jikin gp120 akwai wani ɗan rami inda amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) na 43 na CD4 yake shiga ya zauna daram. Aikina shi ne in ɗauko siffofin ƙananan sinadarai, in sa manhajar AutoDock Vina ta yi ta juya kowanne a bakin ramin nan, ta gaba, ta baya, ta gefe, sannan ta ba ni lambar da ke nuna ƙarfin zamansa. Wanda ya toshe ramin da kyau, ana sa ran zai hana cutar kama ƙofa.

Wani dare a watan Yuli, an ɗauke ruwa, kwaɗi sun cika garin da kuka, ina zaune a kan tabarma ina juya hoton furotin ɗin a manhajar PyMOL. Ban ji shigowarta ba. Sai na ji murya a kaina.

"Ke, wannan zaren da ya cukurkuɗe fa? Saƙa kika koma koyo?"

Hannuna ya kai kan murfin kwamfutar, sai na fasa. Na ce, "Yaya, zauna in nuna miki."

Na gaya mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, hasken allon yana kan fuskarta. Can ta miƙa yatsa, ba ta taɓa ba, ta tsaya dab da gilashin.

"Wannan ne abin da ke jikina?"

"Hannunsa ne, Yaya. Da shi yake kamawa."

"Ashe ƙarangiya ce," in ji ta. "Ta maƙale a zani, ki kai ta gida da ƙafarki."

Na karanta takardu da yawa a kan furotin ɗin nan, amma ban taɓa samun bayanin da ya zauna mini kamar nata ba. Ta tambaye ni me ya hana jiki cire ta, tunda an ce jiki yana da sojoji. Na kunna mata wani hoton da ke nuna sukarin da ya lulluɓe gp120. Kusan rabin nauyinsa sukari ne, kuma a cikin ƙwayar jikin mutum aka ɗinka masa shi, don haka sojojin jiki kallon na gida suke yi masa. Na ce ta tuna dokin da aka sa wa lifidi a hawan sallah, ba a ganin komai sai ido da kofato. Ga shi kuma wuraren da suka rage a buɗe kullum cikin sauyawa suke.

"To maganin da nake sha, nan yake kamawa?"

Na ce a'a. Nata haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir ne, suna tare cutar ne bayan ta shiga ɗaki, su hana ta kwafar kanta da dasa kanta a cikin ƙwayar halitta. Masu tsaron ƙofa daban suke. Akwai enfuvirtide da aka amince da shi a Amurka a 2003, yana riƙe gp41, amma allura ce sau biyu a rana. Akwai maraviroc na 2007, shi CCR5 yake toshewa. A farkon watan Yulin nan na 2020 kuma aka amince da fostemsavir, wanda yake manne wa gp120 ɗin kansa, don mutanen da sauran magunguna suka daina yi musu aiki. Na roƙe ta kada ta raina nata. Shi ne ya tashe ta daga kwance, ni shaida ce.

A nan zan ɗan tsaya, don abin yana ci mini rai. Lambar da kwamfuta ta bayar ba magani ba ce. Hasashe ne kawai na inda ya kamata a fara dubawa. Bayanta akwai gwaji a ɗakin bincike, da gwaji a dabbobi, da gwaji a mutane, shekaru masu yawa, kuma mafi yawan sinadarai a hanya suke zubewa. Duk lokacin da na ga ana yaɗawa a WhatsApp cewa kwamfuta ta tabbatar wani ganye yana kashe ƙanjamau, Yaya nake tunowa, da jarkar jiƙon da wata 'yar uwa ta taɓa kawo mata lokacin da take rama. Da ta ajiye ƙwayarta ta kama jarkar nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Bayan ta fita na kasa barci, saboda tambayar da ta yi ko wannan ne abin da ke jikinta. Na ce mata hannunsa ne, alhali siffar da ke kan allona ta HIV nau'in B ce, wanda ya fi yawa a Turai da Amurka. A Najeriya nau'in G da CRF02_AG ne suka fi yawa, kuma gp120 yana daga cikin sassan da suka fi bambanta tsakanin nau'i da nau'i. Wato wata huɗu ina auna ƙofar wani gida, ba tamu ba. Da asuba na rubuta wa malamina saƙo, na nemi izinin in ɗauko jerin amino asid na nau'in G daga rumbun bayanan HIV na Los Alamos da ke intanet, in gina siffarsa da manhajar SWISS-MODEL a kan ƙirar da ake da ita, in sake gwajin tun daga farko. Na san hakan zai ƙara mini watanni. Na je gindin rumbu na ɗaga waya har saƙon ya tafi.

Daren ranar, bayan isha'i, Yaya ta shigo ɗakina da kofin ruwa. Ta zauna a gefen tabarma, ta buɗe tafin hannunta, ta haɗiyi ƙwayar a gabana. Sannan ta zaro katin asibitinta daga cikin lalitarta ta ajiye a kan kwamfutar.

"Ranar Talata za a ba ni sakamakon gwajin jini," in ji ta. "Ki shirya, tare za mu je."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyar da abin da takardar ta nuna.