Na gwada hular leza a kan sanƙon gado

Sanƙo a gidanmu gado ne, daga Baba har kawunnaina babu wanda ya tsira. Mai askina a Tudun Wada ne ya fara tsegunta mini: "Yallaɓai, tsakiyar nan fa ta fara." Kowa ya kawo nasa maganin, man habbatussauda, ruwan albasa, man kaɗanya. Ni dai na nufi likitan fata.

Ya ce akwai wani sinadari a jiki, DHT, da ke samuwa daga testosterone, sinadarin nan na mazantaka. A kan wanda ya gaji abin, shi ke tsuke saiwar gashi a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina. Hasken leza, in ji shi, saiwar da ta galabaita yake ɗan farfaɗowa. Inda fata ta riga ta yi sumul, sai dai dashen gashi.

Hular lezar da na saya tana da ƙananan fitilu ja a ciki, ba zafi, ba ciwo. Asalin dabarar tun 1967 ne, lokacin da wani likitan Hungary, Endre Mester, ya ga ɓerayen da ya aske ya haska wa leza sun riga sauran fitar da gashi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da matajin leza na HairMax ga maza a 2007, ga mata kuma a 2011. Amma ga abin da 'yan talla ba sa faɗa: yawancin gwajin a kan masu farar fata da masu tsaka-tsaki aka yi, ba irinmu baƙaƙe ba. Kuma ba kowace hula mai jan wuta ce aka gwada ba, ga shi da dala ake sayenta.

Sau uku a mako nake sa ta bayan Isha'i, in an kawo wuta na yi caji. Watannin farko shiru. Sai wajen rabin shekara na lura gashin da ke maƙalewa a mataji ya ragu, tsakiyar kai ta ɗan cike. Gefen goshi kuwa ko gezau. Tare da maganin zubar gashi na shafawa, minoxidil mai kashi 5, nake haɗawa, don haka ba zan ba hular lada ita kaɗai ba.

Ƙanwata ta so ara, gashin gabanta yana ja da baya. Likita ya duba ya ce nata ba gado ba ne, kitso ne mai tsauri. Na gado a mata ya fi farawa daga tsaga, ta riƙa faɗi. Ta sassauta kitson, ta bar mini hulata.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ba a gamawa. DHT na nan yana aikinsa, ranar da ka ajiye hula da magani, zubar za ta dawo. Wanda ba zai jure wannan ba, aski ƙwal da zanna bukar sun fi masa araha.