Akka biyu da ɗan da ba a haifa ba

Wata 3 na yi ina bin salsalar Mardoshe Abi Surur, malamin Yahudawa kuma bafatake, wanda ya kafa ciniki a Tambutu wajen 1860. Karatun tarihin Shehu Magili ne ya kai ni gare shi. Mu a Kano mun san Magili da nasihar da ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, amma shi ne kuma ya sa aka rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat, cikin Saharar Aljeriya ta yau, wajen 1492, Askiya Muhammadu, sarkin Songhai mai mulkin Tambutu, kuma ya rufe musu ƙofar ƙasarsa. To, ta yaya Bayahude ya sauke kaya a Tambutu bayan shekara sama da 350?

Na samo babbar takarda, na soma zana bishiyar zuriyarsa da fensir. Gara da ya zama fensir ɗin. Na ga an haife shi a Akka a 1826, kuma ya yi karatu a Ƙudus, sai kawai na ajiye gidansu a Akka ta gaɓar tekun Falasɗinu. Sunan kuma na ɗauke shi alkunya, irin su Abul Ƙasim, na ja layi a ƙarƙashinsa na rubuta ɗan fari: Surur.

Da na kai wa malamina, ya daɗe yana kallon takardar ta saman tabarau.

"Wannan yaron fa, wa ya raɗa masa suna?"

"Allah gafarta Malam, ai daga sunan uban na ciro."

"Wato kai ne ungozoma, kai ne liman."

Ashe Abi Surur sunan dangi ne, ana rubuta shi Aby Serour, wani wuri Abisror, kuma sai ka bi kowane rubutu daban kafin takardu su fito. Akka kuwa wani zango ne mai dabino a kudancin Maroko, bakin Sahara. Da na mai da gidan inda yake, sai labarin ya zauna daram: ɗan hanyar ayari ne tun fil azal. Da ƙanensa Ishaku ya ƙetare hamada, aka tsare su a Arawan kafin su isa Tambutu, daga baya ya jawo 'yan uwa, don ibadarsu ta jam'i ba ta tsayuwa sai da maza 10.

Mafi yawan labarin ya zo ne ta alƙalamin Beaumier, ƙaramin jakadan Faransa a Mogado ta gaɓar tekun Maroko, a 1870, shi kuma daga bakin Mardoshe ya ji. Ɗan kasuwa yana ba da labarin kansa, dole mai sauraro ya rage wani abu. Tun daga nan kowane suna na rubuta, sai na sa wanda ya faɗa a gefensa.

Dukiyar Mardoshe ta tafi a hannun maharan ayari. A 1883 ya yi wa matafiyi Bafaranshe Charles de Foucauld jagora a Maroko don lada. Mardoshe ya rasu a birnin Aljas a 1886. Surur kuma na goge shi a gaban Malam, amma har yau gurbin fensir ɗin yana nan a takardar.